Sunan da Na Ƙi Sauyawa

Ran wata Laraba da hantsi na taka ƙasar Amurka, kafin la'asar an raba ni da akwatina.

A babbar tashar motocin New York abin ya faru. Ni kuwa ba baƙon tafiya ba ne. Na koyar shekara biyu a Yamai, na zauna a Khartum, na ga Alƙahira, na sauke farali. Zabarmanci a bakin kakata na tsince shi a Argungu, Fillanci a kasuwa, Larabci da Faransanci da Turanci a makarantu da hanyoyi. Ina ganin mai harshe shida ba ya ɓata. Ina tsaye ina karanta allon motoci sai na ji wani a bayana yana zagin na'urar sayar da lemo da Zabarmanci. Na juya na gaishe shi. Ya rungume ni kamar cikinmu ɗaya. Ya ce shi mutumin Dosso ne, ya san Kamba, ya san Kangiwa, ya sha cin kasuwar Argungu. Ya nuna mini layin da zan bi, ya nuna mini wani lungu a bayan matakala inda mutum zai yi salla ba a taka shi ba, ya ce in bar kayan zai tsare. Da na sallame babu shi babu dalilinsa.

Riguna na ciki, da bargo, da yajin da matata Hajo ta daka mini. Abin da ya rage sai jakar hannu mai fasfo da takardar makaranta. An taɓa cuta ta a Alƙahira, amma wancan da ihu ya yi. An cuce ni a Khartum da rantsuwa. Wannan da harshen kakata ya yi mini, shi ya sa har yau ban daina jin sa ba.

Kwana ɗaya da yini muka yi a mota zuwa tsakiyar ƙasar. Gonakin masara ne iyakar ganinka, amma ba mutum ko ɗaya a ciki. A fadamar Zauro in shinkafa ta nuna ba ka jin maganar na kusa da kai don hayaniyar masu korar tsuntsu. Nan kuwa abinci ya isa ciyar da Kabi da Gwandu shekara goma, ba ka ganin wanda ya noma shi.

A wancan zamani mu duka Sakkwato muke kallo, jiha ɗaya ce. Ina aiki a ƙaramar hukuma a Birnin Kebbi aka zaɓe ni in je in yi digiri na biyu kan sha'anin mulki. Shekara guda ke nan da soja suka miƙa wa farar hula, ana cewa ƙasa na bukatar waɗanda suka san siyasa a karance.

Na sami ɗaki a gidan wata tsohuwa wadda iyayenta suka zo daga Poland. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ga 'yar shara da hula, ta tambayi inda kayana suke. Na gaya mata. Ta hau bene ta sauko da kwat ɗin mijinta da ya rasu da takalmansa biyu. Takalman sun yi mini yawa, na cusa jarida. A cikinsu na yi shekara biyu. Sharaɗinta ɗaya ne, kada in soya albasa in tana gida. Na yarda ba musu, don albasar garin ba ta sa ko jariri hawaye. Wanda ya tashi da albasar Augie ba zai kira wannan albasa ba.

Malamin da aka haɗa ni da shi gajeren mutum ne mai sanƙo, kullum hannun rigarsa da alli. Farfesa zan riƙa ce masa. Ranar farko ya shigo aji bai gaishe mu ba, ya ce:

"Duk abin da aka gaya muku na kishin ƙasa da son talaka, ku ajiye shi a bakin ƙofa, in an tashi ku ɗauka. Mutumin da ke sayen tumatir a kasuwa shi ne mai jefa ƙuri'a, shi ne minista. Bai sauya zuciya ba don ya shiga ofis. Ku tambayi abu ɗaya: me zai samu, me zai rasa."

Daga nan ya shiga zane a allo. Mai neman kujera ɗan kasuwa ne, hajarsa alkawari. Mai zaɓe mai saye ne, kuɗinsa ƙuri'a. Ma'aikaci na son ofishinsa ya faɗaɗa ko da aikin bai ƙaru ba. Aikin da zai amfani kowa, kamar gyaran hanya, kowa na so wani ya yi shi ya mora. Duk wannan da lissafi yake nuna shi, irin wanda ake yi wa farashin gero.

Wasu a ajin suka yi ta musu, har wata yarinya ta fita. Ni ban yi musu ba. Mutumin Dosso ya riga ya share wa Farfesa hanya a zuciyata. Kuma gaskiya ita ce, da na ɗora awonsa a kan abubuwan da na gani, ya zauna daram. Ya bayyana mini kwamandan da na sani a Yamai, da jami'in kwastan na Khartum, da shugaban ofishinmu na Birnin Kebbi wanda ya nemi ƙarin masinja uku alhali guda ɗayan da muke da shi barci yake wuni yi. Abin da nake zargi a ɓoye shekara da shekaru, ga wani ya rubuta shi da alli ba kunya.

Sanyi ya shigo. Na taɓa jin sanyi a hamada, amma wancan rana na korar sa. Wannan rana za ta fito tas ka fita ta yaudare ka. Azahar da la'asar suka matse juna, kafin ka fito aji magariba ta yi. Na yi wata uku ban yi Hausa da kowa ba sai da kaina. Wata rana na kama kaina ina gaishe da hitar ɗumama ɗaki.

A shagon wanki na haɗu da Bulus. Ina fama da na'urar da ta haɗiye mini riga sai na ji an ce:

"Kai Bakabe, mi kaka nema nan? Ba su da gulbi, ba su da kihi."

Zanen fuskata ya gani. Dogo ne, yana karatun haɗa magunguna. Iyayensa mutanen Filato ne, amma a Birnin Kebbi aka haife shi, babansa malamin asibiti. Hausarsa ta fi tawa zama ta gida, don tawa yawo ya goge ta. Na riƙe hannunsa na kasa saki.

"Sake ni, Alhaji, kada a ce wani abu," in ji shi. "Zo mu tahi, ina da kuka da daddawa. Tuwon dai na garin masarar dawakinsu na, kak ka yi mini tsiya."

Tun daga ranar duk Lahadi in ya dawo coci ɗakinsa nake wuni. Ya bar sayen naman alade saboda tukunyarmu ɗaya ce, bai kuma taɓa faɗa mini ba, a bakin maƙwabcinsa na ji.

Da shekara ta zagayo aka ce kowa ya kawo abin da zai rubuta kundinsa a kai. Na kai wa Farfesa batutuwa uku, ya ture su gefe.

"Waɗannan kowa zai iya rubuta su daga laburare. Me ka sani wanda babu wanda ya sani a ginin nan?"

Sai na tuna garin Kawu. Ba zan faɗi sunan garin ba, na riga na faɗe shi sau ɗaya inda bai kamata ba. Ƙauye ne a bakin fadama tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, manoman shinkafa. Kawu, yayan mahaifiyata, shi ne maigari, kuma shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, shi ya sa ni boko lokacin da ake ɓoye yara a rumbu. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a zaɓen da ya wuce duk ƙauyukan da ke kewaye jam'iyya ɗaya suka bi kwata-kwata, ko wannan ko waccan, amma garin Kawu ya rabu biyu kamar an yanka da wuƙa. Kuma mutane ne da ko ranar shuka ba sa saɓa wa maigari.

Farfesa ya miƙe zaune. Ya ce in tambayo.

Na rubuta wa Kawu wasiƙa da ajami. Bayan wata biyu aka kira ni gidan waya, aka ba ni ɗan ƙunshi da aka ɗinke da zare. Kaset ne. Na ruga ɗakin Bulus, shi ke da rakoda. Da muka kunna, kukan tsuntsayen fadama muka fara ji, da ƙarar ruwa. A bukkar gona Kawu ya ɗauke shi. Bulus ya juya baya yana goge tabarau.

Bayan gaisuwa mai tsawo, wadda ba ta bar ko tsohuwar da nake zaune gidanta ba, Kawu ya ce:

"Sanda," haka yake kira na, "ka ce malaminka na son sanin yadda munka yi zaɓe. To saurara, ba ni maimaitawa. Siyasar hwarko kana yaro. Garin ga duka munka bi mutum guda, yaf faɗi. Ka ji abin da anka yi muna. Anka ɗaure magidanta bakin kasuwa da rana tsaka, ɗiyansu na kallo. Anka hana a gyara madatsar da ka tare muna ruwa, shinkahwa tan nutse shekara biyu. Ni na wanke gawar yaran da yunwa tak kashe. Da wagga siyasa taz zo, sai nik kira manyan shiyya biyu. Nic ce, gabas ku bi waɗanga, yamma ku bi waɗancan. Ku ɗaga tuta, ku yi waƙa, ku zagi juna ranar kasuwa in kuna so. Wanda duk yac ci, muna da mutane gidanai. Ni kau kowa yaz zo ni uban kowa na, in na raka shi bakin mota in raɗa mai ni nashi na. Da takin zamani yaz zo da sunan waɗanda sunka ci, sai munka raba shi gida gida, ba gabas ba yamma."

Ya yi tari, sannan ya ƙara:

"Wanga abu ni da mutum biyu munka san shi, sai kai. Na hwaɗa ma don ka ce karatunka ba ya ƙarewa sai da shi. Malaminka na bayan teku, mi zai yi da mu? Allah shi ba ka sa'a."

Na fassara shi kalma bayan kalma na kai wa Farfesa. Ban taɓa ganin sa haka ba. Ya karanta a tsaye, ya sake karantawa, ya ja ni zuwa allo. Ya ce abin da manyan 'yan kasuwarsu ke yi ke nan, ba sa zuba dukiya wuri ɗaya. Ya ce tsoho wanda bai taɓa shiga aji ba ya gano abin da ake ba mutane digiri a kai. Ya zana Kawu a matsayin dillali mai sayar da ƙuri'a a dunƙule, wanda ya raba hajarsa biyu don ya tsare rawaninsa.

"Ba rawani yake tsarewa ba," na ce. "Gawar yara ya wanke."

"Sa shi a lissafin. Tsoro ma hasara ce da mutum ke gudu. Ban ce mugu ne ba, Umaru. Na ce yana da hankali."

"To me ya samu da ya gaya mini?"

Ya ɗan yi tunani. "Ɗan ƙanwa mai babban digiri a cikin gwamnati. Wannan ba ƙaramin jari ba ne."

Na so in ce ƙarya ne. Amma na duba na ga lissafin ya tafi daidai, na rubuta shi haka a babi na huɗu.

Wata bakwai na yi ina rubutu. Da na kai masa kundin a kammale ya karanta cikin mako guda, ya kira ni. Gyaransa kaɗan ne. Sai ya buɗe ratayen da ke ƙarshe, inda na sa maganar Kawu gaba ɗayanta, da cikakken sunansa, da na mahaifinsa, da sunan garin, da na manyan shiyya biyun.

"Waɗannan ka sauya su. Ka ƙirƙiro wasu. Haka ake yi."

Na ce ba zan sauya ba.

Ya kamata in bayyana dalilina, don ba wauta ce zalla ba. Kafin boko da bayan boko na yi karatun zaure a Argungu. A can ba a karɓar magana sai da mai ita. Malam zai ce, na ji daga wane, shi kuma daga wane, har a kai tushe. Ilmin da ba a faɗi mai shi ba ko na sata ne ko na ƙarya. Haka na tarar a Khartum, haka a Alƙahira. Sannan na karanta littattafan Turawan da suka zo ƙasarmu, duk inda dattijo ya ba su abin da suka ci abinci da shi sai su rubuta "wani tsoho ya ce". Sunan mai tambaya na bangon littafi da ruwan zinariya, mai amsa ba shi da suna. Wannan ya daɗe yana ci mini rai. Na ƙudura cewa sunan Kawu zai zauna a laburaren Amurka, wanda duk ya ɗauki hikimarsa ya san ta wace ce. Girmamawa nake nufi. Akwai kuma wani abu a ƙarƙashi wanda sai daga baya na yarda da shi: ina so a san cewa wannan mai hankalin kawuna ne.

Farfesa ya saurare ni har na gama. Ya cire tabarau ya ce:

"Shekara biyu ina koya maka tambaya ɗaya. Wa zai ci riba in ya karanta wannan?"

"Babu mai karanta irin wannan a Sakkwato. Kabad za a jefa shi, gara ta ci."

"Kundinka ne," in ji shi. Ya sa hannu.

Bulus bai yi mini da sauƙi haka ba. Yana tuƙa tuwo na gaya masa, ya ajiye muciya.

"Alhaji, kana da hankali kuwa? Tsohon nan bukkar gona yat tahi ya yi maganar ga. Bukkar gona! Bai yi ta zaure ba."

"Ai don shiru ne."

"Don shiru. To. Babana ya yi shekara ashirin asibiti bai taɓa sa hannu ga takardar da ba dole ba. Mu baƙi mun san takarda. Ku masu gari kuna ganin kowa ɗan'uwa na. Ba ɗan'uwanka na yad ɗauke maka akwati ba?"

Na ji haushi, na ce masa wannan al'amarin malamai ne, ba na masu ƙirga ƙwayoyi ba. Ya ce to, Allah ya ba malamai haƙuri. Ko tambayar Kawu ban yi ba. Wasiƙa wata biyu take yi, ni kuwa ina sauri, kuma a raina kyauta ce nake shirya masa, ba a gaya wa mutum kyauta tun ba ta iso ba.

Ƙa'ida ce sai ofishin da ya ɗauki nauyin karatunka ya karɓi kwafin kundi kafin a aiko maka tikitin komowa. Na sa aka yi masa bango mai kyau, na aika. Tikiti bai zo ba sai bayan wata biyar. A tsakani na yi aiki a wata masana'antar gwangwani, ina tsaye daga safe zuwa yamma ina tsince ruɓaɓɓiyar masara tare da mutanen Meziko. Ba mu da harshe ɗaya, cikin shidan nan babu wanda ya yi mini rana, amma kullum sai sun tura mini wainar masararsu.

Wasiƙar Hajo ta riga tikitin isowa. A tsaye na karanta ta a gidan waya. Bayan gaisuwa da lafiyar yara ta ce: an cire Kawu. An ce takardarka ce.

Sauran bayanin daga baya na tattara shi. Akawun da ya buɗe ƙunshin a ofis yana auren 'yar wani ɗan baffan Kawu, wanda suka nemi sarautar tare tun da daɗewa ya rasa. Ba kundin ya karanta ba, ba ruwansa da zane da lissafi. Shafin godiya ya buɗe ya ga sunan da ya sani, ya bi shi har rataye. Zaɓe na matsowa. Aka mayar da shafukan Hausa, aka karanta su gaban manyan jam'iyyar da ke mulki a Birnin Kebbi, mutanen da Kawu ya raka bakin mota ya raɗa musu shi nasu ne. Aka kira shi. Bai yi musu ba. Ya ce manyan shiyya umarninsa suka bi, a bar su. Aka karɓe sarautar aka ba ɗan baffan, aka ce kada ya sake kwana a garin.

Na je ofishin Farfesa da wasiƙar a hannu. Bai ce ai na gaya maka ba, wannan na riƙe masa. Ya ce ya yi baƙin ciki, kuma na ga alamar da gaske yake. Na kai bakin ƙofa sai ya ce:

"Umaru. In an yi zaɓen, ka rubuto mini yadda garin ya jefa."

Ban rubuta ba. Amma ga amsar, ko da ya riga mu gidan gaskiya. Sabon maigari ya ba da taki ga shiyyar da jam'iyyarta ke mulki, ya hana ɗayar. Mutanen da suka yi shekara uku suna zagin wasa ranar kasuwa suka tarar zagin ya zauna musu a baki. Kafin zaɓe aka ƙone rumbuna a yamma. Bayan zaɓe aka sare wani magidanci a gabas, a kan iyakar gona, ya bar mata biyu. Wata kaɗan soja suka dawo suka rushe jam'iyyun duka, amma shiyyoyin nan biyu har aka ba mu jiharmu ba sa bin limami ɗaya.

Tsohuwa ta ce in tafi da kwat ɗin. Na ce inda za ni ba a bukatar sa. Bulus ya kai ni tasha, ya ba ni saƙon magani in kai wa babansa, ya ce, "Ka hwara zuwa wurin tsohon kahin ka ga matarka." Haka na yi. Daga Kano na shiga motar Sakkwato, daga Sakkwato ta Birnin Kebbi, na sauka a Argungu, inda aka ce Kawu ya koma.

A gidan wani surukinsa na same shi, a wani ɗaki da ke kallon garke. Yana zaune a buzu da carbi, da hula ba rawani. Ban taɓa ganin kunnuwansa a fili ba sai ran nan. Na durƙusa na kasa ɗaga kai.

"Sanda. An iso lahiya? Ya hanya? Ya malaminka?"

Na fara ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Sun ba ka takardar?"

"Sun ba ni, Kawu."

"Madalla. Abin da anka karanta mini Birnin Kebbi, na saurara da kyau. Ba ka ƙara ba, ba ka rage ba. Wuri guda ɗai nij ji abin da ban hwaɗi ba. An ce wai na gaya maka don in samu mutum cikin gwamnati. Wannan kai kac ce ko malaminka?"

Ashe akawun ya leƙa babi na huɗu.

"Malamina ya faɗa. Ni na rubuta."

Ya jinjina kai, ya ja carbi biyu ko uku. Ya ƙwala wa wata mata kira a kawo mini fura. Ya tambaye ni ko gaskiya ne can rana na faɗuwa tun la'asar. Muka yi hirar sanyi da masara har na tashi.

Bai taɓa yi mini faɗa ba. Na koma aiki, na yi ta hawa. Awon Farfesa ya yi mini amfani ƙwarai, ban ɓoye ba. Na zauna da gwamnonin soja da na farar hula, kafin mutum ya buɗe baki na san abin da zai nema, kuma da wuya in kuskure. Na gina wa Kawu gida a Argungu, ya karɓa ya yi godiya. Duk Juma'ar ƙarshen wata ina zuwa gaishe shi. Zai tambayi Hajo da yara ɗaya bayan ɗaya, ya sa mini albarka. In na tarar da dattawa suna magana, sai a koma zancen ruwan bana. Shekara bakwai muna haka.

Da ciwonsa ya yi tsanani aka aiko mini, na zo da safe. 'Ya'yansa maza uku na ɗakin, da liman, da ɗaya daga cikin manyan shiyyar nan wanda ya rage da rai. Ya rame har buzun ya fi shi faɗi. Ya gane ni, ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba. Sannan ya ce wa babban ɗansa a matso, akwai maganar da zai bari. Kowa ya gyara zama. Ni ma na matso.

Ya juyo da kai wurina, a hankali, da murya mai taushi irin wadda yake yi mini ina yaro.

"Sanda, ka bar motarka cikin rana. Tahi ka gyara mata wuri."

Motar a ƙarƙashin darbejiya take, tun da na zo. Na tashi na fita. Na buɗe ta, na tayar, na matsar da ita taku kaɗan na kashe. Na zauna a ciki hannuna a kan sitiyari, har aka aiko a ce mini an gama, ina iya shigowa.